Mudu Biyu a Awon Kishin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da ke yawan tasowa duk lokacin da gardamar "wane ne mai kishin ƙasa" ta kaure a teburin mai shayi, a rediyo ko a Facebook. Daga siyasar Nijeriya muka ɗauko yawancin misalan, kuma da gangan muka haɗa na PDP da na APC da na jam'iyyun da suka gabace su, domin cutar ba ta gida ɗaya ba ce.

Me ake nufi da mudu biyu a nan?

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya san ɗan awo mai kwano biyu. Ɗaya an bubbuge gindinsa ya yi zurfi, da shi yake karɓar geron manomi. Ɗayan an ɗan matse shi, da shi yake auna wa mai saye. A ido kama ɗaya suke, sai ka juye na farko cikin na biyu ka ga tsaba tana zuba a ƙasa. Haka mai mudu biyu yake yi a siyasa. Idan ɗan jam'iyyarsa ya soki gwamnati, faɗar gaskiya ce. Idan ɗan wata jam'iyya ya yi irin sukar, zagon ƙasa ne. Aikin ɗaya ne, sunan mai aikin kawai aka canza, hukunci ya juya.

Shin doka ta faɗi abin da kishin ƙasa yake?

Ta ambace shi, amma ba ta ba kowa ikon raba shaidarsa ba. Sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kishin ƙasa cikin ɗabi'u bakwai na ƙasa, tare da ladabi, riƙon amana, mutunta sana'a, adalci a zamantakewa, haƙuri da addinin juna da dogaro da kai. Sashe na 24 kuma ya jero wajibai shida a kan kowane ɗan ƙasa: bin tsarin mulki da girmama tuta da taken ƙasa da halattattun hukumomi, kare martabar Nijeriya da yi mata hidima idan an buƙata, mutunta sauran 'yan ƙasa, taimaka wa ci gaban al'ummar da mutum yake zaune a ciki, taimaka wa hukumomi wajen kiyaye doka, da bayyana kuɗin shiga da gaskiya tare da biyan haraji a kan lokaci.

A lura da abu biyu. Na farko, babu goyon bayan shugaban da ke kan mulki a cikin jerin, kuma sashe na 39 da na 40 sun tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki da na taruwa. Na biyu, sashe na 23 da na 24 suna cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya ce ba a kai shi kotu don tilastawa. Saboda haka babu alƙalin da zai yanke hukunci cewa wane mai kishi ne, wane ba shi da shi. Wannan giɓin ne 'yan siyasa ke cikewa da bakinsu.

Ina misalin da ya fi fitowa fili?

Tallafin man fetur. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen naira 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, tituna suka cika a Kano da Kaduna da Legas da Abuja, har aka sauko da farashin zuwa naira 97. 'Yan adawar lokacin, jam'iyyun ACN da CPC da daga baya suka narke cikin APC, sun yaba wa masu zanga-zangar a matsayin masu ceton ƙasa, Bola Tinubu ma ya rubuta doguwar maƙala yana sukar janyewar. Magoya bayan PDP kuwa cewa suka yi an ɗauki nauyin masu fitowar ne don a kifar da gwamnati.

A watan Mayun 2016 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta ɗaga lita daga naira 86 da kwabo 50 zuwa naira 145. Da yawa daga waɗanda suka kwana a titi a 2012 suka ce a yi haƙuri, gyara ake yi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya sanar a jawabin karɓar mulki cewa tallafi ya tafi, lita ta haura daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa daga 1 ga Agustan 2024, kalmomin da PDP ta yi amfani da su a 2012 su ne suka fito daga bakin magoya bayan APC, kusan harafi da harafi. Su kuma 'yan adawa suka rungumi zanga-zangar, alhali Atiku Abubakar da Peter Obi dukansu sun yi alƙawarin cire tallafin a yaƙin neman zaɓen 2023.

Akwai wani tarihi da ya kamata kowane ɓangare ya riƙe. A watan Satumban 2003 'yan sanda sun tarwatsa gangamin ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, da hujjar ba a nemi izini ba. ANPP, jam'iyyar da Buhari ya yi wa takara a shekarar, da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin taron lumana. Wato 'yancin da ake hana wasu a yau, 'yan adawar jiya ne suka ƙwato shi a kotu.

To duk ɗan siyasar da ya canza ra'ayi munafuki ne kenan?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Yanayi yana canzawa: farashin ɗanyen mai, darajar naira, bashin da ke kan gwamnati. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tanadi sakin farashi, kasafin 2023 kuma bai ware kuɗin tallafi ba sai zuwa watan Yuni. Mutum yana iya ƙin abu a 2012 ya yarda da shi a 2023 da zuciya ɗaya.

Ga yadda ake rarrabewa. Mai canza ra'ayi na gaskiya yakan amsa cewa a da ya faɗi akasin haka, ya kawo dalilin da za a iya bincikawa, sannan ya bar wa masu riƙe da tsohon ra'ayinsa mutuncinsu. Mai mudu biyu yakan musanta abin da ya faɗa jiya, ko ya yi shiru a kansa, sannan ya kira masu maimaita maganarsa ta jiya maƙiya ƙasa. Alamar ƙarshen nan ita ce mafi ƙarfi.

Me ya sa kowane zaɓe sai an ce wani ɗan takara ba ɗan ƙasa ba ne?

Saboda shi ne makami mafi araha, kuma yana kashe gardama tun kafin a fara ta. Wanda aka ce baƙo ne, ba sai an amsa hujjarsa ba.

Tsohon makami ne. A watan Janairun 1980 gwamnatin NPN ta Shehu Shagari ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, ta fitar da shi zuwa Chadi da cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin da jama'arsa suka zaɓa, aka tsallakar da shi iyaka kamar kayan fasa-ƙwauri. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan ƙasa ne kuma an take masa haƙƙi.

A 2019, a martanin da ta shigar gaban kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, APC ta ce Atiku bai cancanci takara ba saboda an haife shi a Jada a 1946, lokacin da yankin ke cikin Arewacin Kamaru ƙarƙashin riƙon Birtaniya, kafin ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta shigar da shi Nijeriya. Sashe na 131 ya ce dole shugaban ƙasa ya kasance ɗan ƙasa ta haihuwa. Amma a duba tarihin mutumin: ya yi kusan shekara 20 a hukumar kwastam, ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007, jam'iyyar AC ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a 2007, kuma APC da kanta ta tantance shi ya shiga zaɓen fid da gwaninta na Disambar 2014 ya zo na uku. Duk tsawon lokacin Jada ba ta matsa daga inda take ba. Abin da ya canza shi ne ya bar APC a Nuwamban 2017. Kotu ta yi watsi da batun. Abin baƙin cikin, da an karɓi hujjar, da ta shafi ɗimbin mutanen tsohon lardin Sardauna, tun daga Gwoza da Mubi har Ganye da Gembu.

A 2023 ƙwarya ta juya. Ɓangaren Atiku ne ya kawo batun fasfon Guinea a kan Tinubu, kotu ba ta karɓa ba. Kafin nan kuma masu adawa da Buhari sun daɗe suna raɗa cewa ɗan Nijar ne saboda Daura tana bakin iyaka, har aka yaɗa ƙaryar cewa an sauya shi da wani mutum daga Sudan, abin da ya sa ya fito ya ƙaryata da bakinsa a Poland a Disambar 2018. Mutanen kan iyaka, daga Illela zuwa Maigatari zuwa Banki, su ne ke biyan kuɗin wannan wasa, domin su ake tsarewa a ofishin yin fasfo ana tambayar asalin kakanninsu.

Riƙe fasfon wata ƙasa yana hana takara?

Ya danganta da yadda mutum ya zama ɗan Nijeriya. Sassan da suka hana mai shaidar wata ƙasa tsayawa takara, kamar 66 da 137 da 182, duk an ɗaure su da sashe na 28, shi kuma sashe na 28 yana magana ne a kan wanda ba ɗan ƙasa ta haihuwa ba. Shi ya sa kotuna suka fassara cewa ɗan ƙasa ta haihuwa ba ya rasa damar takara don ya karɓi shaidar wata ƙasa. Mutum yana da damar ƙin zaɓen mai fasfo biyu, ra'ayinsa ne. Sharaɗin kawai shi ne ya fara da duba aljihun nasa ɗan takarar.

Shugaban da ke fita waje neman magani fa?

Wannan zargi ne mai tushe, domin wanda ya riƙe kasafin lafiya shekara da shekaru sannan ya kasa kwanciya a asibitin ƙasarsa ya ba da shaida a kan aikinsa. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta cika shi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana kai jami'in gwamnati jinya waje da kuɗin jama'a sai da shawarar kwamitin likitoci da amincewar minista ko kwamishina.

Matsalar ita ce manyan kowace jam'iyya suna fita, amma kowane ɓangare na abokin hamayya kawai yake ƙirgawa. Waɗanda suka matsa wa marigayi Umaru 'Yar'aduwa lamba lokacin da yake kwance a Jidda, da yawansu sun kira masu tambayar lafiyar Buhari a 2017 marasa imani. Waɗanda suka ce a yi wa 'Yar'aduwa addu'a a bar tambaya, su ne suka riƙa lissafa kwanakin Buhari a Landan.

Mai adalci zai ga bambanci na gaskiya tsakanin lamuran biyu. 'Yar'aduwa ya tafi ranar 23 ga Nuwamban 2009 ba tare da aika wa majalisa wasiƙar miƙa riƙo ba, ƙasa ta zauna kwana 78 babu muƙaddashi kafin majalisa ta ɗora Jonathan ranar 9 ga Fabrairun 2010. Wannan ne ya sa aka gyara sashe na 145 aka sa wa'adin kwana 21. Buhari a 2017 ya yi kusan kwana 50 a tafiyar farko da sama da kwana 100 a ta biyu, amma ya aika wasiƙa, Yemi Osinbajo ya riƙe. Don haka tambayoyin da za a yi wa kowane shugaba uku ne: ya miƙa riƙo kamar yadda doka ta ce? Wa ya biya kuɗin? An gaya wa jama'a gaskiyar halin da yake ciki?

Kai kukan cikin gida ga ƙasashen waje ba cin mutuncin ƙasa ba ne?

Amsar kowace jam'iyya tana bin kujerar da take kai. A farkon 2015, da aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, Amurka ta nuna rashin jin daɗinta. APC ta yi maraba da hakan, Buhari ya je Chatham House a Landan ya yi jawabi, PDP ta ce katsalandan ne. A Janairun 2019, da Buhari ya dakatar da alƙalin alƙalai Walter Onnoghen makonni kaɗan kafin zaɓe, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka nuna damuwa. Wannan karon fadar shugaban ƙasa ce ta ce ba ta yarda da katsalandan ba, Atiku kuma ya rubuta wa waɗannan ƙasashe wasiƙa. A ƙarshen wannan watan gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci gangamin Buhari a Kano, sai PDP ta dawo tana kukan shigowar baƙi cikin zaɓe.

Ma'aunin da muke ganin ya tsaya da ƙafarsa shi ne: abin da aka faɗa a waje gaskiya ne ko ƙarya, kuma abin da aka nema zai faɗa kan masu mulki ne ko kan talakawa. Neman masu sa ido a zaɓe daban yake da neman takunkumin da zai hana magani shigowa.

Idan gwamnati ta tuhumi mutum da cin amanar ƙasa, ai magana ta ƙare ko?

Tuhuma ba hukunci ba ce, hukunci ma tarihi ya sha warware shi. An ɗaure Obafemi Awolowo shekara 10 a 1963, Yakubu Gowon ya sake shi a 1966, shekara ta gaba ya zama kwamishinan kuɗi na tarayya. Gwamnatin Abacha ta ɗaure Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1995. Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, Obasanjo ya fito ya zama shugaban ƙasa a 1999. An tsare Moshood Abiola a 1994 bisa cin amanar ƙasa, ya rasu a tsare a Yulin 1998, a 2018 aka ba shi lambar girma mafi girma ta ƙasa.

Abin da ya faru bayan zanga-zangar Agustan 2024 ya fi kusa da mu. Ɗaga tutar Rasha a titunan Kano da Kaduna da kiran soja su karɓi mulki kuskure ne babba, kuma duk wanda ya san abin da mulkin soja ya yi wa ƙasar nan ba zai yaba ba. Amma ranar 1 ga Nuwamba aka shigo da waɗanda aka kama Babbar Kotun Tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, cikinsu har da ƙananan yara, ƙasusuwan wuya a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Tuhumar ta haɗa da cin amanar ƙasa, belin kowane naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakin yaran. Mutum yana iya ƙin tutar ya kuma ƙi wannan tuhuma, babu karo a tsakani.

Me ya sa har masu ilimi ke faɗawa wannan rami?

So hana ganin laifi, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan halin ɗan Adam ne. Amma siyasarmu tana da abubuwan da ke ƙara rura shi. Akwai sojojin baka da ake saya wa fili a rediyo da dare, da takwarorinsu na soshiyal midiya, waɗanda abincinsu ya rataya a kan kada su taɓa cewa maigida ya yi kuskure. Akwai haɗa ɗan takara da yanki ko addini, ta yadda sukarsa ke zama kamar sukar gidanku. Akwai kuma sauya sheƙa: a Nuwamban 2013 gwamnonin PDP biyar suka koma APC, cikinsu har da Rabi'u Kwankwaso da Aliyu Wamakko da Murtala Nyako, aka kira su jarumai a can, maciya amana a nan. A 2018 Kwankwaso da Bukola Saraki da Aminu Tambuwal suka koma PDP, laƙabin ya yi musanyar wuri. Mabiyi da ya zagi mutum shekara huɗu sai a wayi gari an ce ya ɗaga hannunsa, kuma ya fi masa sauƙi ya manta da zagin a kan ya amsa cewa an yi amfani da shi.

Ta yaya zan gwada kaina idan wani labari ya taso?

Ka fara da cire sunan. Rubuta abin da aka yi cikin jimla ɗaya babu suna babu jam'iyya, misali: "Wani minista bai yi bautar ƙasa ba." Yanke hukuncinka a kan wannan jimla kafin ka mayar da sunan. Sannan ka nemo makamancin lamarin daga ɓangarenka, kusan kullum akwai shi, ka tuna abin da ka ce a lokacin. Idan ba ka tuna ba, tsofaffin rubuce-rubucenka na Facebook suna nan. Bayan haka ka nemi cikakkiyar maganar da kwanan watanta, domin bidiyon daƙiƙa 20 da aka yanko daga jawabin minti 40 shi ne ya fi yaudarar mutane, haka ma tsohon hoto da aka liƙa wa sabon labari. A ƙarshe ka tambayi kanka ko akwai bambanci na gaskiya tsakanin lamuran biyu, irin na wasiƙar miƙa riƙo da aka ambata a sama.

Inda gwajin ke lalacewa shi ne wannan matakin na ƙarshe. Zuciya gwana ce wajen ƙirƙiro bambanci. Maganinsa shi ne ka ga ko za ka yarda da wannan bambancin idan abokin hamayya ne ya kawo shi don kare nasa.

Ashe kenan duk ɗaya suke, babu na zaɓe?

Ba haka ba ne, kuma wannan ma tarko ne. "Ai naku ma sun yi" ba ya wanke kowa. An sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014 ƙarƙashin PDP, an sace 110 a Dapchi a Fabrairun 2018 da ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ƙarƙashin APC. Uwar da ke zaune a ƙofar makaranta tana jiran labari ba ta samun sauƙi don an tuna mata an taɓa yi a wata gwamnati. Mudu ɗaya yana nuna wanda ya fi wani, wani lokaci da rata mai yawa. Amfaninsa kenan.

Nijeriya ce kaɗai ke da wannan hali?

A'a. A Nijar 'yan adawa sun ƙalubalanci asalin Mohamed Bazoum kafin zaɓen 2020, kotun tsarin mulki ta amince da takararsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja sun janye wa wasu makusantansa tara shaidar zama 'yan ƙasa na wucin gadi a Oktoban 2024. A Amurka an shafe shekaru ana cewa ba a can aka haifi Barack Obama ba, har ya fitar da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Hawaii a 2011.

Wane abu ne a aikace zan iya auna ɗan takara da shi?

Abin da ke da takarda da kwanan wata. Shaidar biyan haraji ta shekara uku. Halartar zaman majalisa da ƙudurorin da ya kawo, idan ɗan majalisa ne. Bin umarnin kotu lokacin da hukunci bai yi masa daɗi ba. Albashi da fansho a jiharsa, idan ya yi gwamna. Sai bayyana kadara: jadawali na biyar na tsarin mulki ya wajabta wa jami'i ya miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata bayanin dukiyarsa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka, ya kuma hana shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje.

Ko wannan ma'aunin sai an yi hattara, domin gurfanarwa a kotun ɗa'ar ma'aikata takan zo ne a lokacin da mutum ya saɓa da masu mulki. An kai Tinubu gabanta a 2011 zamanin PDP, aka kori ƙarar. An kai Saraki a 2015 bayan ya zama shugaban majalisar dattawa ba da son shugabannin APC ba, Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2018. Don haka kada a tsaya ga wa aka gurfanar, a duba wa ya yarda a ga takardarsa. Doka ba ta tilasta wallafawa ba, amma Umaru 'Yar'aduwa ya wallafa tasa a Yunin 2007, dukiyar kimanin naira miliyan 856. Jonathan ya ƙi wallafa tasa da aka tambaye shi a 2012, Buhari da Osinbajo kuma taƙaitaccen bayani suka fitar a Satumban 2015.